Tayi na Dillali, Sallama ta Mai Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a ƙara wani abu, ya sake cewa albarka, a yi ta ja har rana ta yi zafi. Amma idan aka zo ga kalmar ƙarshe, dillalin kirki yakan bar mai saye a tsaye, ya je ya sami mai dabba a inuwa, ya raɗa masa abin da aka taya. Mai dabba ne zai ce ya sallama, ko kuwa a dawo masa da abarsa. Haka muka tashi muka tarar, har muna ganin abin bai kai a tsaya ana magana a kansa ba.

Sai dai a cinikin gidaje na yau wannan kalma ta ƙarshe takan ɓace a hanya. Mutum yana aiki a Legas ko Abuja, ko yana zaune a Saudiyya, ya bar wa dillali gidansa ya ce a nemo masa mai saye. Bayan 'yan makonni sai ya ji wai an karɓi kafin alƙalami, ko an miƙa makulli, ko ma mai saye ya fara fenti. Wani kuma sai bayan ya sallama ya gano cewa akwai wanda ya taya fiye da haka, amma ba a gaya masa ba. Wata gwauruwa ta sayar da gidan da ta gada, bayan wata uku ta ji cewa ƙanen dillalin ne ya saya, ya kuma sayar da riba mai kauri. Me ya rage a hannun waɗannan mutane?

Tambayar ta tsufa. Malaman fiƙihu sun yi ɗaruruwan shekaru suna amsa ta, alƙalan Ingila ma sun kwashe fiye da ƙarni guda suna fama da ita, kuma dukkan hanyoyin biyu suna aiki a kotunan arewacin Najeriya a yau. Idan muka bi sawunsu, za mu ga sun haɗu a wuri ɗaya: abin da dillali ya ƙulla ba da izini ba, bai ɗaure mai gida ba, amma mai gidan da ya sani ya yi shiru yana iya rasa wannan dama.

Sunan dillali a cikin ƙunshi

Dillanci a ƙasar Hausa ya girmi takardun fili da ofisoshin dillalai masu allon talla. Kasuwar Kurmi, wadda tarihin Kano ya danganta kafa ta da Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta bunƙasa ne da baƙi, kuma baƙo ba ya ciniki sai da ɗan gari a tsakani. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin wata al'ada da ta burge shi. Idan aka sayi riga ko turkudi a Kano aka kai Barno ba a buɗe ba, can aka tarar da aibi, sai a mayar da kayan, domin ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Wajibi ne a kan dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma ya mayar da kuɗi.

Haka abin yake a zango-zango na kudu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataken shanu da na goro suke damƙa dukiyarsu a hannun mai gida da dillalansa, ana sayar da shanu bashi ga mahauta ba tare da an rubuta wata yarjejeniya ba. Abin da ya riƙe tsarin shi ne suna. Dillalin da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa arewa, baƙo na gaba kuma ya sauka a wani gida.

Cinikin gida a cikin birni ma yana da irin wannan katanga. Ba a cika sayar da gida a ɓoye ba, domin sai mai unguwa ya sani, maƙwabta sun shaida, dangi sun ji. Dillali ba shi da sararin da zai sallama abin da ba nasa ba alhali mai abin yana bayan katanga. Abin da ya canza a zamaninmu shi ne nisa. Mai gida yana wani gari, mai saye baƙo ne, unguwar sabuwa ce, kuma duk maganar da ke tsakaninsu ta wayar mutum ɗaya take bi.

Dinari ɗaya, tumaki biyu

A littattafan fiƙihu ana kiran wannan mas'ala bai'ul fuduli, wato cinikin mai shisshigi, wanda ya sayar da kayan wani ba a sa shi ba. Wakilin da ya wuce iyakar da aka yi masa shi ma a wannan layi ake sa shi. Tushen muhawarar wani labari ne da Bukhari ya ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa tunkiya. Urwa ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da tunkiya da dinari. Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cikin cinikinsa.

Urwa ya yi abu biyu da ba a aike shi ba: ya sayi ta biyu, ya kuma sayar da ita. Duk da haka ba a warware cinikin ba, saboda wanda ya aike shi ya yarda daga baya. Daga nan Imamu Malik ya fahimci cewa cinikin mai shisshigi yana ƙulluwa, amma a rataye yake har sai mai kaya ya ce wani abu. In ya yarda ya tabbata, in ya ƙi ya warware. Imamu Shafi'i, a fatawarsa ta baya, ya ce cinikin ɓatacce ne tun farko, yana dogara da hanin da aka yi wa Hakim bin Hizam cewa kada ya sayar da abin da ba ya hannunsa. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya jera wannan saɓani a Bidayatul Mujtahid, ya ƙara da cewa Abu Hanifa ya yarda da shi a sayarwa, bai yarda da shi a saye ba. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce ciniki ya ɗaure mai kaya ko yana so ko ba ya so.

Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma ya zama madogarar alƙalai a ƙasashenmu, ya tafi a kan ra'ayin Malik: sayar da mallakar wani ya dogara ga yardar mai ita, ko da mai saye ya san cewa wanda ya sayar masa ba shi ne mai kaya ba. A babin wakilci kuma an ba mai kaya zaɓi idan wakili ya sayar ƙasa da farashin da aka yanka masa. An kuma hana wakili ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, ko ya sayar wa yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa, saboda mutum ba ya zama mai taya da mai sallamawa a lokaci ɗaya ya yi adalci.

Abin da alƙalin Garnaɗa ya ce game da shiru

Wanda ya fi tsefe wannan batu dalla-dalla shi ne Ibn Asim, alƙalin birnin Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a 1426. Littafinsa Tuhfatul Hukkam, wanda almajirai suke haddacewa kuma alƙalan arewa suka daɗe suna aiki da shi, ya ware fasali guda kan cinikin mai shisshigi. Ya raba masu kaya bisa inda suke lokacin ciniki da abin da suka yi bayan sun ji.

Idan mai kaya yana zaune a wurin aka sayar da kayansa yana kallo, bai ce uffan ba, ciniki ya hau kansa, abin da zai karɓa kuɗi ne kawai. Idan kuwa mai sayarwa ya ce kayan nasa ne, mai kaya na ainihi yana ji ya yi shiru, to yana iya rasa kayan da kuɗin baki ɗaya. Wanda ba ya nan, labari ya iske shi ya tashi nan da nan, shi ne mai cikakken zaɓi: ya zartar ko ya warware. Amma in ya sani ya zauna har lokaci ya ja, ba tare da wani uzuri da ya hana shi magana ba, ciniki ya tabbata, sai dai ya bi kuɗinsa. Masu sharhi a mazhabar sun ƙayyade wannan lokaci da shekara guda.

Hikimar a fili take. Mai saye ma ɗan Adam ne mai haƙƙi. Ya biya, ya tare, wataƙila ya rushe katanga ya gina sabuwa. Ba adalci ba ne mai gida ya zuba ido yana jiran ya ga ko farashi zai tashi, in ya tashi ya ce bai yarda ba, in ya faɗi ya ce Allah ya sa albarka. Shi ya sa aka ba shi dama mai ƙarfi, aka kuma sa mata wa'adi. An kuma bar ƙofa ga wanda tsoron mai iko ko wani uzuri na gaskiya ya rufe masa baki, domin ba kowane shiru ne yarda ba.

Alƙalan Ingila da dillalan gidaje

A Ingila, dillancin gidaje ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙarni na 19, lokacin da birane suka cika da masana'antu da baƙi. Su ma nisa ya shiga tsakanin mai gida da mai saye, sai ƙararraki suka fara taruwa. Alƙalansu ba su da fasali guda a rubuce irin na Tuhfa, sai suka riƙa gina amsar a hankali, shari'a bayan shari'a.

A 1874, a shari'ar Hamer da Sharp, kotu ta ce dillalin da aka ce ya nemo mai saye a kan wani farashi ba a ba shi ikon ƙulla ciniki a madadin mai gida ba. Aikinsa ya kawo mutum, ya kawo tayi. In ana so ya sa hannu, sai an ba shi wannan izini a sarari.

A 1903 aka zo kan cin baki biyu. Andrews ya ba kamfanin Ramsay gidansa su sayar, suka cire la'adarsu fam 50. Daga baya ya gano cewa sun karɓi fam 20 a ɓoye daga mai saye. Ya ƙwato fam 20 ɗin, sannan ya koma kotu yana neman fam 50 da suka cire, kotu ta ba shi. Dalilin alƙalai shi ne mai gida ya cancanci wakili mai gaskiya, kuma wakili mai gaskiya ne kaɗai ya cancanci la'ada.

Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Keppel da Wheeler, wadda aka buga hukuncinta a 1927. Keppel yana da bene na gidajen haya, ya ba dillalai su sayar. Suka kawo wanda ya taya fam 6,150, ya karɓa bisa sharaɗin sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu. Kafin a kai ga sa hannu, wani ya zo wurin dillalan ya taya fam 6,750. Su a ganinsu aikinsu ga Keppel ya ƙare tun da ya ce ya yarda, saboda haka ba su gaya masa ba. Sai suka haɗa mai saye na farko da na biyu, aka sake sayar da benen da riba. Da Keppel ya ji, ya kai ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce muddin ciniki bai ƙullu ba, dillali yana nan a matsayin wakilin mai gida, kuma wajibi ne ya isar masa da kowane tayi mafi kyau. Aka ce su biya shi bambancin, fam 600. Amma da yake kuskuren fahimta ne, ba ha'inci ba, aka bar musu la'adarsu. Idan muka haɗa wannan da shari'ar Andrews, za mu ga inda aka ja layi: mai kuskure yana biyan asarar da ya jawo, maci amana kuwa har ladansa yake rasawa.

Saura batun kafin alƙalami. A 1976 Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke shari'ar Sorrell da Finch. Finch ya ba wani dillali gidansa, bai ce masa ya karɓi kuɗin kowa ba. Dillalin ya karɓi kafin alƙalami daga mutane da yawa a kan gida ɗaya, ciki har da fam 550 na iyalan Sorrell, ya gudu. Suka bi Finch ya biya su. Kotu ta ce ba ya cikin aikin dillali ya karɓi kuɗi a madadin mai gida kafin a ƙulla ciniki sai da izini, don haka ba a bin Finch bashin abin da bai sa a karɓa ba, bai kuma gani ba.

Sai kuma shiru. A 1973, a shari'ar Spiro da Lintern, wani magidanci ya ce wa matarsa ta ba dillalai gidansa su nemo mai saye. Matar ta wuce nan, aka ƙulla ciniki da Spiro ba da izinin mijin ba. Mijin ya sani, amma bai ce komai ba. Ya karɓi Spiro a matsayin wanda ya sayi gida, ya bar shi yana kawo mai zanen gini da magina yana kashe kuɗi. Daga baya aka sayar wa wani da ya fi tayi, mijin ya ce ai tun farko bai ba matarsa izini ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce gaskiya ne bai ba ta ba, amma tunda ya ga mutum yana kashe kuɗi a kan kuskuren fahimta bai gyara masa ba, ya makara. Tsakanin rasuwar Ibn Asim da wannan hukunci akwai shekara 547, amma amsar kusan ɗaya ce.

Daga baya majalisar dokokin Birtaniya ta tattara wasu daga cikin waɗannan darussa a dokar dillalan gidaje ta 1979, wadda ta wajabta ajiye kuɗin mutane a asusu na daban da kuma bayyana duk wata maslaha da dillali yake da ita a cikin ciniki. Wata ƙa'ida ta 1991 ta ƙara da cewa a isar wa mai gida da tayi cikin gaggawa, kuma a rubuce.

Inda hanyoyin suka haɗu a wurinmu

Mulkin mallaka ya shigo da dokar Ingila ta gama-gari cikin kotunan Najeriya, shi ya sa lauyoyinmu har yau suke kafa hujja da irin waɗannan shari'o'i a batun wakilci. Fiƙihun Malikiyya kuma bai bar kotunan alƙalai ba. A kan waɗannan aka ɗora mataki na uku, wato hukuma. Tun dokar filaye ta 1910 aka sa ƙasar arewa ƙarƙashin kulawar gwamna, dokar 1962 ta ci gaba da haka, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a duk ƙasa. Sashe na 22 ya ce mai riƙe da haƙƙin zama a fili na birni ba zai mayar da shi ga wani ba sai da amincewar gwamna, kuma a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan sharaɗi ba na ado ba ne. Ma'ana, rasit ɗin dillali da makullin da ya miƙa ba su isa su fitar da gida mai takarda daga hannun mai shi ba. Akwai kuma hukumar rajistar ƙwararrun masu ƙiyasta gidaje da filaye, wadda aka kafa da doka a 1975, sai dai yawancin dillalan da muke hulɗa da su a unguwa ba sa ƙarƙashinta.

Idan muka tattara abin da wannan doguwar tafiya ta bar wa mai gida, abubuwa ne da ake iya ƙirgawa da yatsu. Yana da ikon ƙin cinikin da bai ba da izininsa ba, yana da ikon amincewa da shi in ya ga ya yi masa. Yana da haƙƙin a gaya masa kowane tayi kafin ya sallama, da haƙƙin bin asarar da ɓoyewa ta jawo masa. Yana iya warware cinikin da dillali ya saye wa kansa ta bayan fage, ya kuma karɓe abin da aka ba dillali a asirce. Kuɗin da dillali ya karɓa da sunansa ba da saninsa ba, ba bashinsa ba ne. Wannan ya shafi magada ma: ɗan'uwan da ya sayar da gidan gado duka alhali rabonsa kaɗai ya mallaka, mai shisshigi ne a kan rabon sauran.

Amma duk waɗannan suna da maƙiyi ɗaya, kuma maƙiyin yana cikin tarbiyyarmu. Mu mutane ne masu kunya da kara. Dillalin sau da yawa maƙwabci ne, ko suruki, ko wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Sai mutum ya ji abin da aka yi masa, ransa ya ɓaci, ya ce bari a ga bayan salla, bari in na zo gida ma yi magana. A turo masa wani ɓangare na kuɗin ya karɓa don kada a ce ya wulaƙanta mutum, bai san cewa karɓar kuɗi bayan ya san abin da ya faru ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa ba. Kafin ya buɗe baki mai saye ya zuba dakali ya dasa bishiya.

Shi ya sa wanda ya ji an taɓa gidansa ba da yawunsa ba, abin da ya fi masa shi ne ya faɗi ƙin yardarsa a ranar da ya ji, ga dillali da mai saye duka, a rubuce ko gaban shaidu, ko da saƙon waya ne da za a iya nunawa gobe. Kada ya taɓa kuɗin kafin ya yanke shawara, kuma ya nemi lauya ko malamin da ya san babin tun magana tana ɗanya. Wanda kuma zai ba da gida yanzu, ya rubuta wa dillali iyakarsa: farashi nawa, la'ada nawa, zai karɓi kafin alƙalami ko a'a, wa zai sa hannu. Mutanen Kurmi sun rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga shekara 200 da suka wuce, gida kuwa ya fi riga tsada.